Minti Goma Sha Biyar a Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara: Tarihin Yadda Aka Koyi Kare Masu Wasan Zamiya

Mai karatu, a hunturun da ya gabata wata uwa ta zo karɓar maganin hawan jini a ɗakin magani na asibitin da nake aiki. Na ba ta, na yi mata bayanin yadda za ta sha, amma sai ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ciro wayarta ta nuna mini hoton ɗanta da ke karatun jami'a a yammacin Kanada. Yana tsaye a kan allunan zamiya, dusar ƙanƙara ta kai masa cinya, yana ta murmushi. Ta ce, "Likita, yaron nan yana da asma tun yana goye. Wasan nan ba ya kisa kuwa? Sanyin nake jiye masa."

Na gaya mata gaskiya. Yana kisa, sai dai ba kasafai sanyin ne ke yin kisan ba. Mafi yawan waɗanda dusar ƙanƙara ta binne, rashin iska ne ke ɗaukar ransu, kuma cikin 'yan mintoci. Mazauna tsaunuka sun shafe ɗaruruwan shekaru kafin su gane haka, kuma kusan kowace ƙa'idar kariya da ake koyarwa a yau da rayukan mutane aka saye ta. Tarihin nan nake so in ba ka, domin 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Kanada da Amurka da Turai da Turkiyya suna ƙara shiga wannan wasa, kuma wanda ya san dalilin doka ya fi riƙe ta.

Yadda dusar ke kashewa

Dusar ƙanƙara daban take da ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan damina. Tana sauka ne da laushi kamar audugar rimi, kowace sauka tana kwanciya a kan ta baya, hawa-hawa. Wani lokaci shimfiɗar ƙasa takan zama gari-gari kamar sukari, ta sama kuma iska ta daddale ta ta zama faifai guda. A irin wannan hali nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga faifan, gangaren duka ya taho. Wannan ita ce zaftarewar dusar ƙanƙara. Ta fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangaren da gwanayen zamiya suka fi so, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan gudunta kan kai kilomita 100 a sa'a.

Da zarar ta tsaya sai ta ƙame kamar daɓe. Wanda ya taɓa ganin ramin yashi ya rufta da masu haƙa ya san yanayin: mutum ba ya iya motsa ko da ɗan yatsa, ƙirji ma ba ya samun wurin buɗewa. Ɗumin numfashi yana narkar da dusar da ke gaban fuska, ta sake daskarewa ta zama ɓawo, mutum ya dinga shaƙar gurɓatacciyar iskar da ya fitar. Cikin kowane mutum huɗu da suka mutu ta haka, kimanin uku shaƙewa ce ta kashe su, kusan ɗaya kuma rauni ne na karo da dutse ko bishiya. Waɗanda sanyi kaɗai ya kashe 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Zamanin daji da kare da sanda

Kariya ta farko da mutanen tsaunukan Alps suka sani ita ce bishiya. A shekarar 1397 mutanen ƙauyen Andermatt a Suwizalan suka rubuta doka da ta haramta sare itace a dajin da ke saman ƙauyensu, domin sun lura cewa dusa ba ta zaftarowa daga inda bishiyoyi suka riƙe ta. Wannan ɗan daji yana nan har yau.

Su kuwa matafiya, gatansu shi ne gidan saukar baƙi da ke mashigar Saint Bernard, tsakanin Suwizalan da Italiya, a tsayin mita 2,469. Wani malamin Kirista mai suna Bernard ne ya kafa shi wajen shekarar 1050. Daga ƙarni na 17 masu hidimar gidan suka fara kiwon manyan karnuka, waɗanda ke buɗe hanya da ƙirjinsu, suna kuma sansano mutumin da dusa ta rufe. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Barry, da ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ake kuma danganta masa ceton mutum fiye da 40. Har yanzu ana nuna shi a gidan tarihi na birnin Bern.

A nan akwai wani kuskure da ya shafi sana'ata. Ƙila ka taɓa ganin hoton irin wannan kare da 'yar ganga rataye a wuyansa, wai barasa ce ta farfaɗo da wanda sanyi ya kama. Zanen da wani matashin mai zane ɗan Ingila, Edwin Landseer, ya yi a 1820 shi ne ya yaɗa wannan siffa, masu hidimar gidan kuwa sun sha faɗin cewa karnukansu ba su yawo da barasa. Da sun yi, da sun kashe mutane da yawa. Barasa tana buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikin jikinsa ne ke tserewa. Tana rage rawar ɗari, wadda ita ce hanyar da jiki ke hura wutarsa, tana saukar da sukarin jini, tana kuma gusar da hankali a inda ake bukatarsa. Duk da haka har gobe akwai masu kurɓa a kan tsauni da sunan maganin sanyi.

Yaƙi, da hunturun 1951

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ostiriya da na Italiya sun kafa sansanoni a kan tsaunuka ba tare da duba inda dusa ke bi ba. Ranar 13 ga Disamba, 1916, dusa ta zaftaro wa wani barikin sojojin Ostiriya a tsaunin Marmolada, ta kashe kimanin mutum 270 a lokaci guda. A wannan fagen daga, dubban sojoji ne dusa ta binne kafin yaƙin ya ƙare.

Suwizalan ce ta fara mayar da lamarin fagen ilimi. Tun 1881 shugaban gandun dajinta, Johann Coaz, ya wallafa littafi a kan zaftarewar dusa a ƙasar. A 1936 aka buɗe ɗakin bincike a tsaunin Weissfluhjoch da ke saman garin Davos, inda masana ke haƙa rami suna duba shimfiɗun dusa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda likita ke karanta hoton ƙirji. Daga 1945 wannan cibiya ta ɗauki nauyin fitar da sanarwar haɗari ga jama'a.

Sai ga hunturun 1950 zuwa 1951, wanda mutanen yankin ke kira hunturun fargaba. Dusa ta sauka ba ƙaƙƙautawa, ɗaruruwan zaftarewa suka afka wa ƙauyuka, mutum fiye da 260 suka mutu a tsaunukan Alps, 98 daga cikinsu a Suwizalan. Yawancinsu a cikin gidajensu ajali ya same su. Bayan wannan ne aka duƙufa wajen kafa shingayen ƙarfe a saman gangare, da zana taswirar wuraren da ba a yarda a yi gini ba. A Amurka kuma, a garin Alta na jihar Utah, wani tsohon soja mai suna Monty Atwater, wanda ya kama aikin gadin tsauni a 1945, ya shahara wajen tayar da dusa da nakiya da igwa tun da asuba, kafin masu wasa su fito. Har yau haka ake yi a manyan filayen zamiya.

Aikin ya yi amfani, domin mutuwar mutane a gidaje da kan hanyoyi ta ragu sosai. Sai dai adadin mamata bai faɗi yadda aka zata ba, saboda wani sabon abu ya shigo.

Lokacin da mutum ya fara bin dusa da ƙafarsa

Dubban shekaru mutanen arewacin Turai da Asiya suna ɗaura alluna a ƙafa don farauta da tafiya. A ƙarni na 19 ne abin ya zama wasa a Norwe, sannan ya bazu bayan Fridtjof Nansen ya ƙetare tsibirin Girinlan a kan alluna a 1888. Da aka ƙirƙiro kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman tsauni, miliyoyi suka shiga. A 1965 Hans Gmoser ya fara kai masu wasa tsaunukan Bugaboos na Kanada da jirgi mai saukar ungulu, inda babu sawun kowa. Daga baya aka fito da alluna masu faɗi, waɗanda ke sa ko ɗan koyo ya iya yawo a kan dusa mai zurfi.

Ka ga an juya lamarin. A da dusa ce ke iske mutum a gida, yanzu mutum ne ke zuwa inda take. A tsaunukan Alps kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, mafi yawansu masu wasa ne da suka bar hanyoyin da aka gyara. Kuma a cikin kowane haɗari goma, kimanin tara wanda abin ya shafa ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da dusar da nauyinsa. Labarin yana da ɗaci, amma akwai bushara a cikinsa: abin da mutum ke jawowa da ƙafarsa, yana iya kauce masa.

Don haka ne a 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari guda mai mataki biyar, daga 1 mafi sauƙi zuwa 5 mafi tsanani. Ka lura da wannan da kyau: kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa. A mataki na 5 kowa yana gida. Na 3 ne ke yaudara, domin mutum yakan ɗauke shi tsaka-tsaki, ga rana ta fito, ga sabuwar dusa tana walƙiya.

Daga jar igiya zuwa na'urar aljihu

A farkon ƙarni na 20 masu hawan tsauni sukan ɗaura doguwar jar igiya a ƙugu su bar ta tana jan ƙasa, da fatan in an binne su wani sashe nata zai fito sarari. Sau da yawa tare ake binne su da igiyar. Abin da ya rage shi ne mutane su jeru da dogayen sanduna suna soka dusa taku bayan taku, aikin da kan ɗauki sa'o'i, kuma galibi gawa yake fitarwa.

A 1968 wani injiniya Ba'amurke, John Lawton, ya ƙera ƙaramar na'urar da ake ratayawa a jiki, tana aika sigina ba tsayawa. Idan dusa ta binne mutum, abokansa sai su juya nasu zuwa sauraro su bi siginar. Matsalar farko ita ce na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa jin juna, har sai da aka tsayar da zango guda na kilohaz 457 a 1986. A Suwidin, Magnus Granhed, wanda ya rasa aboki a zaftarewar da ta faru a Åre a 1973, ya ƙirƙiro RECCO, ɗan ƙaramin abu da ake ɗinkewa a riga, wanda ma'aikatan ceto ke ganowa da tasu na'urar. A 1985 kuma Bajamushe Peter Aschauer ya fito da jakar baya mai balan-balan da ke kumbura idan aka ja igiyarta. Hikimar mai sauƙi ce: ka zuba gyaɗa da gero a kwano ka girgiza, gyaɗar ce ke tasowa sama. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa idan jakar ta kumbura, mutuwa na raguwa daga kashi 22 cikin 100 zuwa kashi 11. Ta rage rabi ke nan, ɗaya rabin kuma yana nan.

Agogo

Binciken da ya sauya tunanin kowa ya fito ne a mujallar Nature a 1994. Likita Hermann Brugger da abokan aikinsa sun duba bayanan mutum 422 da dusa ta binne a Suwizalan daga 1981 zuwa 1991. Waɗanda aka tono cikin minti 15, kashi 92 cikin 100 sun rayu. Zuwa minti 35, kashi 30 kawai suka rage. Binciken baya-bayan nan ma ya matso da iyakar zuwa minti 10.

Ka auna wannan da lokacin da ake ɗauka kafin a buga waya, jirgi ya tashi, ya sami wurin sauka, a sauke kare. Kafin nan ƙofar ta kusa rufewa. Ma'ana, wanda zai ceci ɗanka shi ne abokin da ke tsaye kusa da shi. Daga nan aka kafa ƙa'idar kaya uku da ba a rabawa: na'urar sigina, sandar lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Na'ura za ta kai ka wurin, sanda ta tabbatar da zurfi, shebur ya yi aikin. Kada a raina shebur, domin fitar da mutumin da ke zurfin mita ɗaya na bukatar kwashe dusa da nauyinta ya kai tan ɗaya ko fiye, kuma tonon ne ke cin mafi yawan lokaci. An koyi cewa ba a tsayawa a kan wanda aka binne, don kada a danne ɗan sararin da yake numfashi. Ana farawa daga ƙasan gangare a yi rami zuwa gare shi, a fara buɗe fuska, a share baki da hanci. An kuma koyi ƙetare gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo daga wuri mai aminci, saboda in dusa ta kwashe kowa babu mai tonon wani.

Ramin gindin bishiya

Akwai wani haɗarin da ya fi kusa da yaron da aka nuna mini hotonsa, kuma an daɗe ba a ba shi suna ba. A yammacin Kanada da Amurka, da arewacin Japan, dusa kan taru mita da yawa a cikin dajin bishiyoyi masu rassa har ƙasa. Rassan suna hana dusa cika gindin bishiyar, sai a sami rami mai zurfi da sako-sakon dusa a ciki, rassa sun rufe bakinsa. Mai wasa ya zo wucewa ya faɗi, kansa ya shige ƙasa, ƙafafunsa na sama ɗaure da alluna. Duk motsin da ya yi, dusa ce ke ƙara zubo masa. Babu zaftarewa, babu ƙara, kuma sau da yawa a cikin filin wasa da aka biya kuɗin shiga abin ke faruwa.

Paul Baugher, wanda ya daɗe yana shugabantar ma'aikatan ceto a filin Crystal Mountain na jihar Washington, yana cikin waɗanda suka tattara bayanan irin wannan mutuwa suka wayar da kan jama'a. A gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Kanada, an saka masu sa kai a irin wannan rami, kashi 90 cikin 100 sun kasa fitar da kansu. Labarin mamatan kuma kusan iri ɗaya ne: sun fito da aboki, abokin ya riga su sauka, yana jira a ƙasa. Kafin ya gane shiru ya yi yawa, ya sake hawa, an makara.

Saboda haka ƙa'idar a nan ita ce ido a kan juna, a riƙa tsayawa ana jiran juna a ɗan gajeren taki. A nisanci gindin bishiya, a cire hannu daga madaurin sanduna, a rataya usur kusa da baki. Wanda ya ji yana faɗawa ya rungumi reshe ko jikin bishiyar, ya sa hannu a gaban fuska don ya bar wa kansa sarari, sannan ya daina fafutuka. Abokinsa kada ya tafi neman taimako ya bar shi. Ya yi kururuwa, ya buga waya, amma ya fara tono nan take, ta gefe zuwa inda kai yake, ba jan ƙafa ba.

Mutum biyu, darasi guda

Ranar 17 ga Fabrairu, 2012, Yarima Friso na Holan yana wasa a wajen hanyar da aka gyara a Lech ta Ostiriya, a ranar da ma'aunin haɗari ke mataki na 4. Dusa ta binne shi kimanin minti 25. Yana ɗauke da na'ura, an same shi, an yi ta danna ƙirjinsa kusan minti 50 har zuciyarsa ta dawo. Amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta daɗe babu iska. Bai farfaɗo ba har ya rasu a watan Agustan 2013, yana da shekara 44.

Ranar 20 ga Mayu, 1999, wata matashiyar likita 'yar Suwidin, Anna Bågenholm, ta faɗa da ka cikin daskararren rafi kusa da Narvik a Norwe tana wasan zamiya. Ta yi minti 80 a ƙarƙashin ƙanƙara, abokanta biyu na riƙe da ƙafafunta. Ta sami ɗan sararin iska ta yi numfashi kusan minti 40 kafin zuciyarta ta tsaya. Da aka kai ta asibitin Tromsø, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, alhali na mai lafiya 37 ne. Likitoci suka ɗumama jininta da injin da ke maye gurbin zuciya da huhu. Ta rayu, ta koma aikin likita.

Bambancin yana ga abin da ya riga wani. Shi iska ta yanke masa jikinsa na da ɗumi. Ita kuwa jikinta ya yi sanyi tana numfashi, kuma duk digiri ɗaya da jiki ya sauka, bukatar ƙwaƙwalwa ga iskar oksijin na raguwa da kimanin kashi 6 cikin 100. Daga irin wannan likitoci suka kafa ƙa'idar cewa ba a yanke hukuncin mutuwa a kan wanda sanyi ya kama sai an ɗumama shi. Wanda aka tono a riƙe shi a hankali, a kwance, kada a sa shi tafiya, domin zuciyar da ta yi sanyi girgiza kaɗan ke rikita bugunta. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, a raba shi da ƙasa. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki tare da danna ƙirji, kada a daina har ma'aikata su iso.

Kuskuren da ya shekara 150

Yatsu da hanci da kunne su ne sanyi ke fara daskararwa. Babban likitan rundunar Napoleon, Dominique Larrey, ya ga yadda ƙafafun sojoji ke ruɓewa bayan sun kanga su a wuta a lokacin janyewa daga Rasha a 1812, sai ya ba da shawarar a riƙa goga wurin da dusa. Aka bi wannan har tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da likita William Mills na Alaska ya nuna cewa tsoma gaɓar a ruwan ɗumi ya fi ceton yatsu. Abin da ake yi a yau shi ne ruwa mai digiri 37 zuwa 39, na kimanin rabin sa'a. Ba a gogawa, ba a kangawa a wuta, ba a kuma narkar da gaɓar in akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a isa asibiti. Bincike a rundunonin sojan Amurka da Birtaniya ya nuna cewa sojoji baƙar fata sun fi saurin samun wannan rauni, kuma a fatarmu sauyin launi ba ya fitowa da wuri. Alamar da za a dogara da ita ita ce mutuwar ji da taurin fata.

Daga tagar ɗakin magani

Yanzu ga abin da ya shafi marasa lafiya kai tsaye. Busasshiyar iska mai sanyi tana tayar da asma. Mai asma ya ci gaba da maganin rigakafinsa, ya rufe baki da hanci da mayafi, ya ajiye abin shaƙarsa na gaggawa, irin Ventolin, a aljihun ciki kusa da jiki, ya kuma tambayi likitansa game da shaƙa kafin fara wasa. Mai ciwon sukari ya sani cewa insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke, na'urar gwajin sukari kuma tana yin kuskure a sanyi, ga shi rawar ɗari na iya ɓoye alamun faɗuwar sukari.

Mai sikila ya fi kowa bukatar shawarar likita kafin ya sayi tikiti. Kano ba ta kai mita 500 a saman teku ba, Jos na wajen 1,200, filayen zamiya da yawa kuwa sun haura mita 2,000, wasu 3,000. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon, kuma a can suke haɗuwa. Ko mai rukunin AS, in ya ji ciwo mai tsanani a saman cikinsa ta hagu a kan tsauni, ya nemi asibiti, domin saifa na iya toshewa.

Magungunan mura masu sa barci, irin Piriton, da tramadol da kodin da diazepam, suna rage kaifin hankali, wasunsu kuma suna danne numfashi. Propranolol da taba sigari suna rage jinin da ke kai wa yatsu. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko ƙaramin bugu a ka ya isa a duba shi, hular kwano kuma wajibi ce ga kowa. Doxycycline yana sa fata saurin ƙonewa da rana, sabuwar dusa kuwa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata da ido, don haka tabarau ba ado ba ne. Mai na'urar bugun zuciya ya tambayi likitansa inda zai rataya na'urar sigina, kowa kuma ya nisanta ta da wayar salula.

Da uwar nan ta dawo bayan wata guda, na rubuta mata tambayoyi biyar a bayan takardar magani, ta karanta wa ɗanta a waya. Shin a hanyar da aka gyara yake wasa, ko yana shiga daji da bayan shinge? Da wa yake fita, kuma suna ganin juna ko a ƙasa suke haɗuwa? Yana duba sanarwar haɗari kowace safiya? In zai fita wajen fili, yana da na'ura da sanda da shebur, ya kuma yi kwas ɗin koyon aiki da su? Ina yake ajiye abin shaƙarsa? Ta ce ya amsa uku da kyau, biyu kuma ya yi shiru, daga baya ya turo mata hoton takardar shiga kwas na kwana biyu.

Idan kana da naka a can, ka yi masa waɗannan tambayoyi kafin hunturu mai zuwa, ka kuma tabbata ya san lambar gaggawa: 112 a Turai, 911 a Amurka da Kanada. Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su lafiya.